Ba Kowane Ciwon Gaɓa Ne Sanyi Ba



A masallacin unguwarmu akwai kujerun roba guda biyar da ake jerawa a ƙarshen sahun farko, ta wajen taga. Shekara goma sha biyar baya, wuce su nake yi, ko kallo ba su ishe ni ba. Yau ɗaya daga cikinsu tawa ce, har yaran unguwa sun san ta, in na makara sai ka ji suna cewa, "A bar wa Baba kujerarsa." Addini ya yi rangwame, wanda ya kasa tsayuwa ya yi sallarsa a zaune, na kuwa gode wa Allah da wannan sauƙi. Sai dai duk wanda ya saba kai goshinsa ƙasa ya san abin da ya rasa ranar da gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Daga kan wannan kujera nake muku magana, 'ya'yana maza da mata.

Kada ku ce tsufa ne ya zaunar da ni. Tsufa ya tarar da ɓarna ne ya ƙarasa. Ina ɗan shekara 19 muna buga ƙwallo a filin makaranta, na zo juyawa da gudu, ƙafa ta kafe a ƙasa, gangar jiki ta juya, sai na ji ɓas a cikin gwiwar dama. Kafin magariba ta kumbura suntum. Aka kai ni wurin mai ɗori, ya ja, ya murza, ya shafe ta da man kaɗanya, ya ɗaure. Bayan mako uku kumburi ya sace, na koma fili. Tun daga nan gwiwar takan goce mini jefi-jefi, in sayi ƙwaya in haɗiye in ci gaba da harkata. Sai da na haura hamsin likitan ƙashi ya duba ni, ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce ta tsinke tun wancan yammaci, kuma fiye da shekara talatin ƙasusuwan suna gugar juna a karkace. Duk tsawon wannan zamani abin da ake gaya mini, ni ma nake gaya wa kaina, bai wuce "sanyi ne" ba.

Wannan kalma ce ta sa na ɗauki alƙalami. A bakinmu sanyi buhu ne, kowa na zuba abin da ya ga dama. Tsohuwa gwiwa ta hana ta tashi, sanyi. Yaro ya kwana yana kukan ƙafa, sanyi. Amarya yatsunta sun kumbura, sanyi. Gaskiya ne masu ciwon gaɓa da yawa sun fi jin jiki da hunturu ko da damina, amma ciwo ya tashi a lokacin sanyi daban, a ce sanyin ne ya haifi cutar daban. Ciwon gaɓa ɗan aike ne. Cututtuka iri-iri ke aiko shi, wasu a hankali suke cin mutum, wasu cikin 'yan kwanaki suke gamawa da gaɓa. Nasihata duka ba ta wuce wannan ba: ku tambayi ɗan aiken wa ya aiko shi kafin ku toshe masa baki.

Bari mu leƙa cikin gaɓar tukuna. Baligi yana da ƙasusuwa 206, inda biyu suka haɗu nan ce gaɓa. In kun taɓa cin farfesun ƙafar saniya ko cinyar kaza, kun ga farin abin nan mai santsi da ke lulluɓe da kan ƙashi, wato guringuntsi. Shi ne shimfiɗar da ke hana ƙashi gugar ɗan'uwansa. Gaɓar tana cikin wata 'yar jaka mai fitar da ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa, jijiyoyi sun ɗaure ta kamar igiya, tsoka kuma tana jan ta. Guringuntsi ba shi da hanyar jini, ba shi da jijiyar jin zafi. Daga ruwan nan mai yauƙi yake ci, kuma sai an motsa gaɓar yake tsotsa, kamar soson da ake matsawa ana saki a cikin ruwa. Shi ya sa in ya lalace da wuya ya koma yadda yake, shi ya sa ɓarnarsa ta farko ba ta da ƙara, shi ya sa kuma zama wuri ɗaya yunwa ce a gare shi.

Cutar da ta fi aiko ciwon gaɓa ita ce irin tawa, zaizayewar guringuntsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da ita, miliyan 365 daga ciki a gwiwa. Kusan kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, wanda ke nufin fiye da rubu'insu ba su kai nan ba. Halinta sananne ne: ciwo ya ƙaru in an yi aiki, ya lafa in an huta. Da safe gaɓar ta ɗan ƙage, amma kafin rabin sa'a ta saki. Hawa bene, tsuguno a bayan gida da zaman tahiya su ne ke fara tona asirinta. Shekaru da gado suna da hannu, waɗannan ba ku da iko a kansu. Amma tsohon rauni, ƙiba da aikin ƙarfi fiye da kima, a ƙuruciya ake shuka su. Kowane kilo ɗaya da ya ƙaru a jiki, gwiwa tana ɗaukarsa kamar kilo 4 a duk taku, kenan mai rarar kilo 10 yana ɗora mata kilo 40 tun daga ƙofar gida har kasuwa. Ku dubi ɗan dako a kasuwar Dawanau da buhu mai kilo 100 a wuya, ko ɗan ga-ruwa yana tura kura mai jarka goma. Neman halal ne, Allah ya sa albarka, amma gaɓoɓinsu na rubuta bashi, kuma ba sa mantuwa.

Akwai kuma cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓoɓin mai ita, likitoci na ce mata rumatoyid. Mutum miliyan 18 ke da ita a duniya a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Ita ba ta jiran tsufa. Ƙananan gaɓoɓi take fara kamawa, yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a tare. Hannu ya sandare da safe fiye da sa'a guda, sai an motsa shi yake sakewa, ga kasala mai nauyi. Sau nawa aka ce wa matashiyar da ta kasa matse wanki ko tuƙa tuwo raguwa ce, ko kuwa kishiya ce ta yi mata sammu? Ana can ana yawon karya sihiri, watannin farko da magani ya fi tasiri a cikinsu suna wucewa, yatsu suna karkacewa, kuma in sun karkace ba sa miƙewa. 'Yar'uwarta ita ce lufus, wadda ta fi kama mata matasa: ciwon gaɓoɓi, ƙuraje a kumatu, zubewar gashi, gyambon baki, in an yi sake ta gangara ƙoda.

Maza kuma akwai tasu, gawut. Mutum ya kwanta lafiya lau, tsakar dare babban yatsan ƙafa ya tashe shi, ya yi ja, ya yi zafi, ko mayafi ba ya so ya taɓa shi. Wani sinadari ne, yurik asid, yake taruwa a jini har ya daskare a cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Jan nama da yawa, kayan ciki irin su hanta da ƙoda, giya da lemon kwalba duk suna ƙara shi, haka raunin ƙoda da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Wanda yatsansa ya tashi kwana biyu bayan Babbar Salla, ya tuna abin da ya ci kafin ya ɗora wa raɓa laifi.

Wadda ta fi shafarku kai tsaye, ku masu shirin aure, ita ce sikila, amosanin jini. Kimanin jarirai 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai haka, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinta a jininsa ba tare da yana ciwo ba. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, ƙashi ya rasa abinci, ya yi ta zugi. A jariri takan fara da kumburin hannu da ƙafa. A saurayi ko budurwa takan kashe kan ƙashin cinya, inda ya shiga kwatangwalo, sai ɗingishi da ciwon matsematsi, wani lokaci ma a gwiwa ake jin ciwon alhali ɓarnar tana sama. A nan kam sanyi yana tayar da ciwo da gaske, shi da ƙishirwa da zazzaɓi da gajiya, amma shi ma tayarwa yake yi, tushen yana cikin jini. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma cikin bana bai san abin da na bara ya haifa ba. A Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da wannan. Ni dai shawarata, kada ku jira doka, kada kuma ku jira an kai lefe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku san jininku tun zuciya ba ta yi nisa ba.

Sai ƙwayoyin cuta, su ne masu gaggawa. In gaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, mai ita ba ya yarda a motsa ta ko kaɗan, ko yaro ya ƙi taka ƙafa, to wataƙila mugunya ce ta taru a ciki, kuma cikin 'yan kwanaki take narkar da guringuntsi. Wannan ba ya kwana a gida. Ciwon sanyin mara da ake ɗauka ta saduwa, in ba a magance shi ba, yakan bi jini ya sauka a gaɓoɓi. Tarin fuka ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba, yana cin ƙashin baya har mutum ya yi ƙusumbi, tare da rama da gumin dare. Cutar shanun nan da makiyaya ke kira bakkale tana shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ta bar shi da zazzaɓi mai zuwa yana komawa da ciwon kwankwaso. Sauro ma yana da tasa: cikungunya, wadda ta ɓarke a Kasala ta Sudan a 2018 da Abeshe ta Chadi a 2020, takan bar mutane da ciwon gaɓoɓi na watanni bayan zazzaɓin ya tafi.

Ɗaya daga cikin waɗannan ina so iyaye matasa su riƙe ta da kyau. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro, a ce beli ne, a kai shi wurin wanzami. Bayan mako biyu ko uku sai ciwo ya fara yawo a jikinsa, yau gwiwa, gobe idon sawu, jibi gwiwar hannu. Gaɓoɓin za su warke sarai, kowa ya ce sanyin ya fita. Amma cutar ta riga ta taɓa ƙofofin zuciya, sai bayan shekaru a ga saurayi yana haki in ya hau bene, ko mai ciki numfashi ya gagare ta. Fenisilin da likita zai ba yaron tun lokacin maƙogwaro shi ne zai toshe wannan hanya tun daga bakinta.

Kun ga hanyoyi nawa muka bi, dukkansu kuwa suna ɗaya muka laƙaba musu. To yaya ake rarrabe su? Yawancin aikin a bakinku yake, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ku shiga wurin likita ku shirya amsa. Wace gaɓa ce, guda nawa, tun yaushe? Da safe ya fi tsanani ko da yamma? In ta ƙage, minti nawa take ɗauka kafin ta saki? Akwai kumburi, zazzaɓi, rama, ƙuraje? An taɓa faɗuwa ko haɗarin babur? Akwai mai irinsa a dangi? Ku tafi da kwalaye da ledojin duk abin da kuka sha, har jiƙo da garin gargajiya, kada kunya ta sa ku ɓoye. "Duk jikina ke ciwo" ba ya kai likita ko'ina. "Yatsuna na hannu biyu ke sandarewa tun asuba har hantsi, wata uku kenan" ya kusa faɗa masa sunan cutar.

Bayan ya taɓa, ya lanƙwasa, ya ga tafiyarku, sai ya zaɓi gwajin da ya dace, don ba kowa ke buƙatar duka ba. Hoton ƙashi yana nuna karaya da gocewa, amma ba ya nuna guringuntsi. Tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa ake dubawa, in ta matse an san shimfiɗar ta cinye. Jijiyar da ta tsinke irin tawa sai hoton MRI. Gwajin jini yana nuna ko akwai kumburi a jiki, yana nuna alamun rumatoyid, yawan yurik asid da kuma sikila. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci shi kaɗai: wani yurik asid ɗinsa ya yi sama amma bai taɓa gawut ba, wani kuma yana tsakiyar ciwon gwajin ya fito daidai. Sai an haɗa da labarin mai ciwo. In likita ya ce zai zuƙi ruwan gwiwa da allura, kada ku gudu don an ce gaɓar za ta bushe. Jiki yana sake yin wani, kuma ruwan da aka zuƙa shi ke faɗin ko mugunya ce, ko jini, ko allurorin gawut. Ku fara da asibitin da ke kusa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku gaba. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana wannan aiki tun 1959, ga asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ga manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro a kanku: kemis da 'yan tallan magani a faranti. Mutum ya je ya ce, "A haɗa mini na ciwon jiki," a zuba masa ƙwayoyi biyar ko shida masu launi-launi a leda, babu suna, babu adadi. In ka bincika sai ka tarar da dikulofenak da ibufurofen da firoksikam, alhali dukkansu 'yan gida ɗaya ne. Haɗa su ba ya ninka sauƙi, illa yake ninkawa: gyambon ciki, aman jini, baƙin bayan gida, hawan jini, da lalacewar ƙoda, musamman ga lebura mai aiki cikin rana bai sha ruwa ba. Mai juna biyu da cikinta ya tsufa ma ba nata ba ne. Ko farasitamol da muke rainawa yana da iyaka, baligi kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, in ya zarce hanta ce za ta biya.

Mafi yaudara a cikin haɗin ita ce deksa da 'yar'uwarta firedinisolon. A hannun likita magunguna ne masu ceton rai. A hannun ɗan talla kuwa tarko ne, domin ciwo yakan ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke, mutum ya ce ya samu mai magani. Wata ya bi wata, sai fuska ta yi fam, sukari da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi laushi, har kan ƙashin cinya ya mutu kamar yadda sikila ke kashe shi. 'Yan matana masu shan "sha ka fashe" don a yi ƙiba a yi kyau, ku ji da kyau, irin wannan sinadari ne a ciki, kuma ƙibar da kuke gani kumburi ne da kitse a inda bai dace ba. Garin neman gira kada a rasa ido. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke rana ɗaya, hakan na iya kayar da shi, likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Sai tiramadol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa a 2017 kimanin 'yan Najeriya miliyan 4.6 ne ke shan irin su tiramadol da kodin ba da umarnin likita ba. Ba kowa ne ya fara da neman maye ba. Wani ciwon baya ne ko gwiwa ya kai shi, yana son ya kammala noma ko ya ƙara lodi ɗaya. Ƙwayar ta rufe bakin ɗan aike, shi kuwa ya ci gaba da taka gaɓar da ke roƙon hutu. Ranar da ya farga, ciwo biyu ke gare shi maimakon ɗaya.

Game da masu ɗori, ba zan zage su ba. Suna kusa da jama'a, suna da sauƙin kuɗi, wasunsu sun gaji sana'ar kaka da kakanni. Amma hannu ba ya ganin cikin gaɓa. Ku fara ɗaukar hoto ku san abin da ya faru. In kuwa an riga an ɗaure da kara, sai yatsu suka yi sanyi, suka mutu, suka fara baƙi, ko ciwo ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance nan take a nufi asibiti. Ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini, kuma hannuwa da ƙafafun yara da dama an yanke su a ƙasar nan saboda karayar da filasta kaɗai za ta gyara. Tsaga da sakiya da ƙaho a kan gaɓar da ta kumbura kuwa buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne.

In an san sunan cutar, kowace da maganinta. Targaɗe sabo yana son hutun kwana biyu ko uku, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar, a ɗaure ba da matsi ba. Murza da gashin ruwan zafi a ranar farko ƙara kumburi suke yi. Bayan nan a fara motsawa, in kuwa gwiwa ta ci gaba da gocewa kada a koma fili sai an duba, kada a yi irin tawa. Rumatoyid tana da magunguna masu tsayar da ɓarnar kanta, babbansu metotireksat, wanda ake sha sau ɗaya a mako. Wanda ya mai da shi na kullum yana iya rasa ransa. Yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, yana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa. Gawut ana kwantar da shi da kolcisin, a hana shi dawowa da alofurinol na kullum. Mai sikila ya yawaita shan ruwa, ya rufe jiki da hunturu, ya kwana a gidan sauro, ya riƙe asibitinsa, akwai kuma haidiroksiyuriya mai rage yawan tashin ciwo. Gaɓar da ta yi mugunya sai an zuƙe ko an wanke, a bi da maganin ƙwayoyin cuta na makonni. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, sharaɗinsa kawai a sha har ƙarshe.

Zaizayewar guringuntsi kuwa, ku ji gaskiya daga bakin mai ita: babu ƙwaya ko jiƙon da ke tsirar da sabon guringuntsi. Duk wanda ya yi muku wannan alkawari, da lasifika a tasha ko a Facebook da TikTok, aljihunku yake so. Abin da ke aiki ba shi da ado. A rage nauyi. A ƙarfafa tsokar cinya, domin ita ce ke karɓar wa gwiwa kaya: a zauna a kujera, a miƙe ƙafa sambal, a ƙirga goma, a sauke, sau goma safe da yamma. A yi tafiya, a hau keke, a je wurin masu gashin ƙashi su koyar da motsin da ya dace. Sanda ba abin kunya ba ce, a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta, mai ciwon gwiwar dama ya riƙe da hagu. Man dikulofenak na shafawa ya fi ƙwayarsa sauƙin illa. Allurar cikin gaɓa tana ba da sauƙi na makonni, ba abin yi kowane wata ba ce. In gaɓa ta ƙare ƙarƙaf, akwai aikin sauya ta da ta ƙarfe da roba, wanda likita John Charnley ya daidaita a Ingila a farkon shekarun 1960, kuma yau ana yin sa a manyan asibitocinmu. Yana da tsada ƙwarai, shi ya sa rigakafin da ke hannunku yanzu ya fi kowane aiki araha.

Akwai wata amana kuma da ke wuyanku. Ku ake aika kemis. In Inna ta miƙo kuɗi ta ce, "Karɓo mini irin na jiya," ku zauna kusa da ita ku buɗe ledar maganinta ku gani. Ku tambaye ta cikin ladabi tun yaushe take sha, ko cikinta na zafi, ko ƙafarta na kumbura. Ku ce, "Inna, gobe in Allah ya kai mu ni zan raka ki asibiti." Ku karɓe ta daka da ɗaukar ruwa, ku sa mata abin dafawa a bayan gida, amma kada tausayi ya sa ku kwantar da ita a ɗaki, ku riƙa fita da ita tana taka ƙafa. Da a ce ranar da na ji ɓas ɗin nan akwai wanda ya ce a tsaya a gano abin da ya tsinke, wataƙila da yau a tsakiyar sahu nake.

Gwiwar da kuke tsalle da ita daga bayan mota, kuke tsugunawa da ita a gareji yini guda, kuke jefa ta gaban babur ba tsoro, ita ce dai za ku nema ranar ɗawafi, ita za ku durƙusa da ita ku ɗauki jika. Ba a ba kowa ta canji ba. Kujerun masallacinmu biyar ne, kuma ban ƙi su tsufa a jingine babu mai zama ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya ku da ƙafafunku, ya sa ku yi sujada da goshinku har ƙarshen rayuwa.